Shekarar da Na Je Ganin Mai Farce

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan ba na wurin. Kuna cewa Hajiya Rabi ta tafi yawon shaƙatawa a teku, ta kusa ƙone jirgin Bature da kaskon turare. Jikokina har kwaikwayo suke yi a tsakar gida, wannan ta zama ni, wancan ya zama kyaftin yana zazzare ido. Ban hana ku dariya ba, ni ma idan na tuna ina yi. Amma babu ɗayanku da ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da ya fitar da mace mai shekara sittin da uku daga Kabara, da ciwon gwiwarta, ta je ta hau ruwan da ba a ganin ƙarshensa, alhali ko kududdufin bayan unguwa ba ta son bi ta gefensa. Shi zan faɗa muku, tun ina da sauran ido da hankali.

Mahaifiyarmu, wadda kowa yake kira Iya, daga Barno aka auro ta, kuma da sana'ar turaren wuta ta shigo gidan nan. Kafin ta rasu babu amaryar da za a kai daga Kabara har Goron Dutse ba tare da kwalbar turaren Iya a cikin kayanta ba. Ni da yayata Azumi muka gaje ta. Itacen sandal da hawi da kajiji kowa yana da su, abin da ya bambanta namu shi ne farce. Ku yaran yanzu wasunku ba ku san shi ba. Wani abu ne baƙi-baƙi, mai kama da farcen babban yatsan ƙafa, a kasuwar Kurmi muke saye. Ɗanyensa wari ne da shi mai hawa kai. Sai an jiƙa shi kwana uku, an kankare bayansa da wuƙa, an wanke da lemon tsami, an soya shi a cikin yashi mai zafi har ya kumbura, sannan a daka. Shi ne yake sa ƙamshi ya kama tufa, ki wanke zani sau biyu yana nan daram. Shekara arba'in ina wannan aiki ban taɓa damuwa da sanin farcen mene ne ba. Da na tambayi masu sayarwa, wani ya ce na kifi ne, wani ya ce na wani tsuntsu ne, wani ya ce shi dai daga Sudan ake kawo masa.

Sai ga wata murya ta fara yawo a wayoyin mata. Wata baiwar Allah ce, har yau ba mu san ko wace ce ba, tana rantsuwa tana cewa farcen turare farcen gawa ne, ana cirewa daga ƙafar matattu a wasu ƙasashe, kuma duk wadda ta turara tufarta da shi ta yi salla, to sallar nan babu ita. Cikin mako biyu maganar ta zagaye unguwa. Hajiya Ladidi, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda da turaren Iya aka kai ta ɗakin miji, ita ce ta fara dawo da kwalabenta. Ba ta shigo ba ma, a soro ta ajiye ta juya. Na je wurin limamin unguwarmu, ya saurare ni da kyau, ya ce idan abin nan daga teku yake to tsarkakakke ne, rayayye ko matacce, idan kuwa yadda matar ta faɗa ne to najasa ne, shi kuma bai san wanne ba ne. Wata jikata ta nemo mini hoto a waya, na kai wa mata, suka ce ai waya ce ta kawo waccan maganar ma, wanne za su ɗauka.

Ba sana'ar ce ta fi damuna ba, Allah shi ne shaida. 'Ya'yana sun girma, ba zan rasa tuwo ba. Abin da yake ci mini rai shi ne Iya. Matar da ba ta taɓa zama babu alwala ba, yau ana raɗa a gidajen biki cewa ita ce ta shekara hamsin tana ɓata wa unguwa salla. Muna zaune da Yaya Azumi a kan tabarma, turmin dakan farce yana kife a gefe, ta ce:

“Rabi, a cire shi kawai. Turare ba zai ƙi ƙamshi don babu farce ba.”

Na ce, “In muka cire shi yau, Yaya, mun amsa ke nan. Mun sa hannu a kan abin da ake faɗa game da Iya.”

Ta dube ni, ta ce, “To ke kin gani da idonki? Kin taɓa ganin abin da ake ciro shi a jikinsa?”

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, domin ni kaina, a can ƙasan zuciyata, na fara jin tsoro.

Autana Nafi'u, kun san gyaran janareta ya koya a Ƙofar Ɗan Agundi, daga nan ya tafi Legas ya shiga gyaran injin jiragen ruwa, har Allah ya kai shi aiki a wani jirgin shaƙatawa da ke yawo da baƙi tsakanin tsibiran da ke kusa da Zanzibar. Mai jirgin yakan bar kowane ma'aikaci ya gayyato iyayensa sau ɗaya, a lokacin da baƙi suka yi ƙaranci. Shekara huɗu Nafi'u yana roƙona in zo, ina ce masa ni da ruwa sai a buta. Rannan da ya kira, ya ambaci cewa bakin ruwan nan cike yake da katantanwa da halittu iri-iri, sai kawai na ji bakina ya ce ya zo ya ɗauke ni. Murnar da ya yi ba ta faɗuwa. Ya ɗauka don shi zan je, ni kuma na bar shi a haka. Wannan laifina ne, kuma ina so ku sani na san laifi ne. Na ƙulle ɗanyen farce cikin tafin hannu ɗaya a bakin zani, na sa a ƙasan akwati, ban gaya wa kowa ba sai Yaya, ita ma cewa ta yi rawar kai ce ta tsufa.

Jirgin fari ne fes, dogo, da sanda a tsakiya wadda ake ɗaura wa wani ƙaton ƙyalle iska ta riƙa turawa. A cikinsa akwai ɗakuna ƙanana, da kicin, da banɗaki wanda sai da aka koya mini sau uku. Mu bakwai ne duka: kyaftin, wani dogon Bature da rana ta gasa ya yi jajir, da wasu tsofaffin Turawa mata da miji masu ɗaukar hoton tsuntsaye, da matuƙi na biyu, da Nafi'u, da mai girki, wata mata 'yar ƙasar mai suna Mwanaisha wadda na mayar Nana A'isha don bakina ya huta, sai ni. Kwanan farko cikina ya juya har na yi wasiyya. Da citta da kanumfari aka samo kaina. A kwana na biyu na rarrafo sama na zauna, sai na ga abin da ban da bakin faɗa. Ruwan kusa da tsibiri kore ne garau, kana hango yashin ƙasa, na can nesa kuwa shuɗi ne kamar zanin da aka tsoma a baba sau uku. Wasu manyan kifaye masu dogon baki suka taso su wajen goma, suna tsalle a gaban jirgin, suna fesar da numfashi ta tsakar ka, suka raka mu tafiya mai nisa kamar an aiko su. Na ga kunkurun ruwa mai faɗin faifai biyu ya ɗago kai ya dube ni ya koma abinsa. Ina ta tasbihi, Nafi'u yana tsaye a bayana yana dariya, yana cewa ai ban ga komai ba, sai mun je kudu inda wani kifi mai ɗigo-ɗigo yake, wanda ya fi jirgin tsawo. Wannan kifin ne ya shekara huɗu yana son nuna mini.

Yanzu ga maganar kasko. A kwana na uku, bayan la'asar, na shiga ɗakina na ji yana ƙarnin kifi da man inji. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa zama a ɗakin da ba a turara ba. Na ciro ɗan kaskona, na kunna gawayin nan da ake kamawa da ashana, na zuba turare, na rufe ƙofa don kada ƙamshin ya gudu. Ban gama gyara zama ba wani abu a rufin ɗakin ya fasa ihu kamar ana yanka shi. Kafin in miƙe, kyaftin ya banko ƙofa da jar tukunyar kashe gobara a hannu, Nafi'u a bayansa fuska duk ta canza. Baturen nan ya yi magana mai tsawo, jijiyar wuyansa a miƙe. Da ya gama na dubi Nafi'u, ya ce:

“Umma, cewa ya yi don Allah a riƙa kiyayewa.”

Na ce, “Nafi'u, ina kallon bakinsa fa. Duk wannan doguwar maganar ita ce don Allah?”

Gaskiya tana wurin kyaftin. Wuta a gida kana da ƙofar gudu, a tsakiyar teku ina za ka? Na ba shi haƙuri da hannu biyu, ya ɗauke kaskon ya kulle a akwatinsa. Na ji kunya ƙwarai, musamman saboda Nafi'u, da nake tsoron kada in jawo masa matsala a wurin aikinsa.

Amma hayaƙin nan ne ya yi mini aiki. Bayan kowa ya watse, Nana A'isha ta tsaya a bakin ƙofa tana shaƙar iska. Ta shigo ta kama gefen mayafina ta sunsuna, ta lumshe ido, ta faɗi wata magana. Nafi'u ya ce wai ƙamshin kakarta ta ji. Na buɗe akwati na kwance ƙullin nan na miƙa mata. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ƙyalƙyale da dariya. Ta dunƙule hannunta na hagu, ta ɗora farcen a bakin dunƙulen, tana buɗewa tana rufewa. Nafi'u ya saurare ta, ya ce:

“Ta ce ƙofar dodon koɗi ce, irin na teku. Idan ya shige gidansa da ita yake rufewa. Gwaggonta tana tsintarsa a tsibirinsu, kuma jibi a can za mu tsaya ɗibar ruwa.” Sai ya dubi ƙullin, ya dube ni. “Umma, me ya kawo farce cikin akwatinki?”

Na ce masa zan yi masa bayani. Ban yi ba sai da muka isa.

Tsibirin ƙarami ne, za ka zagaye shi da ƙafa tsakanin azahar da la'asar. Yashinsa fari kamar garin rogo, gidajen na farin dutse da rufin ganyen kwakwa, da ɗan masallaci a tsakiya. Gwaggon Nana A'isha wata 'yar siririyar tsohuwa ce mai suna Tatu, baƙa wuluk, mai saurin tafiya. Da aka gaya mata abin da nake nema ta shiga ɗaki ta fito da gwangwani cike da farce, irin namu sak, har da warin. Wani ɗan kasuwa ne yake zuwa ya kwashe lokaci-lokaci. Na ce alhamdulillahi, amma irin wannan akwai a Kurmi, ni mai farcen nake so in gani, da ransa, yana sanye da abinsa. Nan fa Gwaggo Tatu ta girgiza kai, ta nuna mini wasu sanduna masu jan ƙyalle da aka kakkafa a cikin ruwa. Ashe dattawan garin sukan rufe wurin tsintar wata uku, babu mai taɓa ko da ƙaguwa, don halittun su samu su girma. Sai nan da kwana uku za a buɗe, idan sabon wata ya tsaya ruwa ya janye da nisa. Jirginmu kuwa washegari zai tashi, Turawan nan kifin kudu suka zo gani, sai bayan kwana biyar zai biyo ta nan a hanyar komawa.

A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro na zaunar da Nafi'u na faɗa masa komai, tun daga muryar waya har kwalaben Hajiya Ladidi. Ya daɗe yana tona yashi da yatsan ƙafa, sannan ya ce:

“Ashe ba wurina kika zo ba.”

Na ce, “Ban zo dominka kaɗai ba. Ka yafe mini.”

Ya ce, “To bari in nutsa ta bayan jirgi in ɗauko miki ɗaya. Minti biyar ne, babu wanda zai gani. Gobe mu wuce tare.”

Na ce, “Da kayan sata zan je in wanke Iya? Mutanen nan wata uku suna kallon abincinsu a ruwa sun kame hannu, ni baƙuwar kwana ɗaya in sa a karya musu? Ku tafi. Ni a nan zan zauna.”

Ya miƙe tsaye. Ya ce ban san yarensu ba, babu asibiti, waya ba ta kamawa sai an hau tudu, me zai ce wa yayyensa idan wani abu ya same ni. Shi ba zai iya zama ba, shi kaɗai ne mai kula da inji, Nana A'isha ma ba za ta bar kicin ba. Na ce ya gaya wa yayyensa uwarsu ce ta ƙi ji, ai sun san halina. Washegari da hantsi na tsaya a bakin ruwa da jakata ina kallon farin ƙyallen nan yana ƙanƙancewa. Nafi'u bai ɗaga mini hannu ba. Raina ya ɓaci sosai, kuma na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ranar haihuwar fari.

Da azahar ta yi na yi alwala, na duba inda rana ta fito na shimfiɗa sallaya na fuskanci gabas, kamar yadda na yi duk rayuwata. Ina shirin kabbara sai na ji hannu biyu a kafaɗata. Gwaggo Tatu ce, ta juya ni a hankali har na fuskanci arewa, ta ce “Makka,” ta gyara mini sallayar, ta tsaya a gefena ta tayar da tata. A jirgi Nafi'u ne yake nuna mini alƙibla, ban taɓa lura ba. Muna idarwa muka dubi juna muka fashe da dariya, daga nan kuma ban sake jin kaina baƙuwa a gidan ba. Da hannu muke hira, da kalmomin addini da muka haɗa. Na ci shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, na ci rogo da miyar kifi, na ƙi cin wata halitta mai hannuwa takwas duk da yadda suka yi ta lallashina. Na taya mata murza igiya daga ɓawon kwakwa. Na ga ƙaguwa mai girman kwanon sha tana hawa bishiyar kwakwa kamar mai gida, na ga jemagu masu jan ƙirji, kowanne ya kai kaza, sun yi reto a mangwaron nan da rana tsaka. Ni kuma na nuna musu yadda muke soya farce a yashi, a fili, inda babu mai ƙwace mini wuta. Tsofaffin cikinsu suna ta gyaɗa kai, 'yan matan suna toshe hanci.

Ranar buɗewa, da sanyin safiya, garin kaf ya fito. Ruwan da na bari jiya yana dukan gindin bishiyoyi ya tafi can nesa, ya bar fili fetal na duwatsu da ƙananan tafkuna. Wani dattijo ya yi addu'a, aka shafa, aka tuge sandunan jan ƙyalle, mata suka bazu da kwanduna da tsinkayen ƙarfe. Na ɗaure zanina a gwiwa, Gwaggo Tatu ta ba ni takalmin roba ta kama hannuna. Mun yi tafiya mai nisa a wurin da jiya kifi ne yake yawo. Tana leƙa ƙarƙashin duwatsu, tana wuce wasu, har ta tsaya a wani tafki, ta zura hannu ta ciro wata katantanwa mai ƙahonni, girman dunƙulen hannuna. Ta ɗora mini a tafi, ta sa yatsa a leɓe alamar in yi shiru, ta ɗan yayyafa mata ruwa. Muka tsaya. Can sai na ji motsi. Wani nama mai laushi ya fara fitowa a hankali, yana lasar tafin hannuna, ga kuma abin nan manne a bayansa yana jansa. Baƙi-baƙi, da zanen nan mai lanƙwasa da na shekara arba'in ina kankarewa. Na sa yatsa na taɓa shi, nan take ya zuƙe ciki, ya ja farcen ya toshe ƙofarsa ruf.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ni da ban yi guɗa ba tun bikin babbar 'yata, na yi ta a tsakiyar teku har sau uku. Matan nan, ba su san dalili ba, suka ɗago daga tsintarsu suka amsa mini da tasu. Ina dariya hawaye yana zuba, ina cewa Iya kin gani, Iya kin gani. Farin ciki irin na ranar nan ban taɓa yi ba, ko a Arfa kuka na yi, ban yi irin wannan ba.

Murnar ce ta sa na yi wauta. Takalmin ya matse ni, na cire ɗaya na riƙe, ban yi taku biyar ba na taka wata baƙar halitta mai ƙaya kamar bushiya. Ƙayoyin suka kakkarye a dugadugina. Ga ruwa ya fara dawowa, kuma idan zai dawo ba ya jira. Mata biyu suka saɓa ni a tsakaninsu, ni kuma na ƙanƙame katantanwata ban saki ba. A gida suka tsaga ɗanyar gwanda suka shafa mini ƙaronta. Ƙayoyin sun narke, saura ɗaya da ta yi zurfi, ita ce wannan ɗingishin da kuke gani, ba gwiwa ba ce kamar yadda kuke zato. Gwaggo Tatu ta zaɓo mini katantanwa guda uku manya. Na hana a cire musu farcen, aka ɗan tafasa su, na cusa musu gishiri, muka shanya a rana, naman da farcen da gidan duk a haɗe.

Da jirgin ya dawo, Nafi'u bai jira ƙaramin kwalekwale ya kai gaɓa ba, ya diro cikin ruwa ya taho da gudu. Ya ga ƙafata a naɗe, ya durƙusa ya riƙe ta. Na miƙa masa katantanwar, ya juya ta, ya ce, “Wannan ɗan abin ne ya fi ni?” Na ce, “Bai fi ka ba, ya dai riga ka shigowa gidanmu.” Ya yi dariya, muka shirya. Ya nuna mini kifin kudu a waya, shi yana iyo a gefensa kamar ɗan tsako. Ban gan shi da idona ba, kuma ba zan ƙara samun dama ba, wannan yana cikin abubuwan da nake nadama har yau. Kwana biyun komawa na yi su a zaune kusa da ƙofar ɗakin inji ina kallon ɗana yana aiki, kyaftin ba ya yanke komai sai ya tambaye shi. Na gaya masa na ga aikinsa, kuma na sa masa albarka.

Da na dawo Kabara, liman na fara kai wa. Ya sa tabarau ya duba, ya ja farcen da yatsa ya ji yana manne da nama, ya ce wannan kam halittar teku ce, babu sauran magana, kuma zai faɗa a wurin karatu. Ranar Alhamis na tara matan unguwa a tsakar gidan nan. Na buɗe gwangwanin da na zubo katantanwar a ciki, wari ya tashi, aka yi baya ana salati. Na zuba farcen Kurmi a faifai, na ajiye katantanwa ɗaya a gefe, na ce kowa ta zo ta gwada da hannunta. Aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu. Hajiya Ladidi ta fi kowa daɗewa da ita, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ko kwalaben nan nata suna nan. Na ce suna nan inda ta ajiye su, ban matsar ba. Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Kafin magariba mata huɗu sun aiko a haɗa musu na biki.

Yaya Azumi kaɗai ba ta taɓa ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin Iya har kowa ya tafi. Sannan ta ce in miƙo mata. Ta sa aka kawo tsohuwar wuƙar kankara, ta zura bakinta a hankali, ta raba farcen da naman da hannunta. Ta ɗaga shi tana kallo. Ta ce:

“Rabi, wata takwas ke nan ina rama salla. Bayan kowace farilla sai in ƙara biyar. Na ce ko zan cim ma shekaruna kafin in mutu.”

Na ce, “Yaya! Ba ki gaya mini ba?”

Ta ce, “Tawa mai sauƙi ce, ina da rai. Ta Iya ce ban san yadda zan yi da ita ba. Kullum in na ɗaga hannu sai in rasa me zan roƙa mata.”

Na matsa kusa da ita. Ta rufe farcen a cikin tafinta ta kai ƙirji, ta ce, “Ashe da tsarkinta ta tafi.” Muka zauna a nan mu biyu, tsofaffi, muna kuka kamar ranar da aka fitar da gawar Iya, har aka kira magariba. Yaya ta tashi ta yi alwala, ta yi raka'a uku, ta naɗe sallayarta.